Makullin Injin Janye Ruwa

Wani dattijo ne a gabana a layi, a ofishin hukumar ruwa ta yankinmu. Dogo ne, bayansa ya ɗan rankwafa. Takalman robarsa ya baro su a bakin ƙofa, irin na mutanen gona, yana tsaye da safa a kan tayal mai sanyi.

Ya shimfiɗa wasiƙa a kan kanta, ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya.

"'Yata, wannan kalma taku, retentie, me take nufi?"

"Riƙewa, Baba," in ji ma'aikaciyar. "Daga Latin ta fito. Ko likita ita yake faɗa idan jiki ya tara ruwa ya ƙi saki. Idan kogi ya cika, sai a buɗe wa ruwan hanya ya kwanta a gonarka, don gari ya tsira."

"Tawa gonar?"

"Ita ta fi kowace kwari, Baba."

Ban san shi ba, amma na san irin hannayen nan, duk kanta da tsaguwar sanyi. Ina jin kakansa ne ya fara korar ruwa daga wannan ƙasa, magudana bayan magudana, har ciyawa ta fito wa shanu.

Bai yi musu ba. Ya laluba aljihu, ya ajiye wani tsohon makulli.

"Na injin da ke janye ruwa daga gonar ne. Shekara arba'in da bakwai ni ke tayar da shi. Ku turo wani ya kashe shi, 'yata. Ni hannuna ba zai iya ba."