Harafin da Ke Tsalle a Tafiretar Gwaggo

Gwaggonmu, wadda tsofaffin ma'aikatan jami'ar horar da malamai suka sani da Mai Tafireta, ba ta yarda da mutumin da gaisuwarsa ta yi tsawo. In ka wuce gida da yara ka shiga tambayar ciwon ƙafarta, sai ta gyara zaman tabarau ta ce ka faɗi abin da ya kawo ka. Aiki ne ya mayar da ita haka.

Ta kama aiki a wurin tana da shekara goma sha tara. A lokacin ba jami'a ba ce, kwaleji ce mai azuzuwa uku da ofis ɗaya mai rufin kwano, ɗalibai ko saba'in ba su kai ba. Ita ke buga tambayoyin jarrabawa. Malami zai kawo nasa a rubuce da hannu, ta kulle ƙofa, ta saki labule. In ta gama sai ta tattara takardun kabon, baƙaƙen nan da ake sakawa a tsakani don a sami kwafi, ta zagaya bayan ofis ta ƙone su cikin tsohon gwangwanin madara, ta dagargaza tokar da tsinke. Takan ce duk wanda ya ɗaga kabon ya haska shi a rana, ya gama karanta jarrabawa. A watan jarrabawa ko ruwa ba ta karɓa daga hannun ɗalibi. Mahaifinmu, ƙanenta na ciki ɗaya, a can ya yi karatu kuma a gidanta ya zauna, amma duk shekara sai ta kora shi wurin abokai har a ajiye biro.

Kwaleji ta yi ta girma. Aka sare lambun da ke bayan azuzuwa aka gina ɗakunan kwana, aka buɗe ƙofa ta biyu, ɗalibai suka haura dubu. Aka sayo injin gurza takardu, aka ware masa ɗaki da ma'aikata. A shekararta ta goma sha huɗu, tambayoyin lissafi suka fita kwana biyu kafin jarrabawa. Aka kafa kwamiti, aka kira ta sau uku. Ba wanda ya ce ita ce, ba kuma wanda ya ce ba ita ba ce. An dai ɗauke ta daga teburin jarrabawa zuwa buga takardun izinin hutu, aka miƙa wa wata tafiretarta. A nan ta ƙarasa aikinta. Da kwamfuta ta zo aka jibge tsofaffin injuna a bayan sito, ta je ta tono tata. Ta gane ta ne da harafin r, wanda ke tsalle sama da layi tun ranar da injin ya faɗo daga tebur. Ta kawo ta gida ta naɗe da zane ta tura ƙarƙashin gado. Zancen kwamiti kuwa ba a tayar da shi a gidanmu.

Bara wani malamin tarihi ya yi sallama da hantsi. Ya ce jami'a za ta cika shekara hamsin, ana tattara tsofaffin kaya da labarin mutanen farko, an kuma gaya masa tana da tafireta. Gwaggo ta tambaye shi wa ya gaya masa. Ta ba shi ruwa, ba ta ba shi labari ba. Da ya fita ta ce wa Inna, mahaifiyarmu, mutumin da takalminsa ya yi ƙal haka ana tsakiyar damina a mota aka kawo shi, wanda aka ba mota kuwa aiko shi aka yi. Inna ta ce ita dai yaron ya yi mata hankali. Gwaggo ta ce ai 'yan kwamiti ma duk masu hankali ne.

Ya dawo bayan mako guda da hoton ma'aikatan farko, tana tsaye a gefe da ɗankwali mai ɗigo-ɗigo. Ta kalla, ta ce ba ta san yarinyar ba. Ranar ba ta ci abincin kirki ba. Ta tabbata littafin tarihi za su rubuta, su sa sunanta kusa da shekarar da jarrabawa ta fita, jikoki su karanta.

Zuwansa na uku da fayil ya zo. Ya durƙusa ya ce, "Mama, a ɗakin ajiyar takardu na ga wannan. Ina jin taki ce."

Wasiƙa ce mai layi shida, ta yi jaja-jaja don tsufa. An rubuta cewa kwamiti ya gano daga ɗakin injin gurza takardu tambayoyin suka fita, ta hanyar takardun da suka lalace aka zuba a kwandon shara, kuma ba ta da laifin komai. Ga sa hannu, ga hatimi, ga kwanan wata na fiye da shekara talatin da suka wuce. Ba a taɓa aika mata ba.

Gwaggo ta karanta sau biyu, ta ajiye a kan tabarma. Ta ce hatimi ko a bakin kasuwa ana sassaƙa shi, takarda kuma in ta sha rana kwana uku sai ta tsufa. Malamin ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ta sa aka jawo tafireta daga ƙarƙashin gado, ta kware zanen, ta ɗiga mata man keken ɗinki. Ta saka farar takarda ta buga layin farko na wasiƙar, yatsunta suna tafiya ba tare da ta duba su ba. Tawadar ta kusa bushewa, amma ana gani. Ta zare takardar ta jera ta da wasiƙar a bakin taga. Duk inda r ya faɗo, a takardun biyu, ya ɗaga sama da 'yan'uwansa daidai wa daida.

Ta daɗe tsaye, ta ba mu baya. Sannan ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

"A kan injina aka buga ta," ta ce. "Ina ɗaki na gaba ina buga wa mutane hutu. Wa ya saka ta a fayil, Malam?"

Ya ce bai sani ba, yawancin ma'aikatan lokacin sun rasu.

"Ka dai duba."

Wasiƙar ba ta koma cikin fayil ba, don Gwaggo ta ce ta ga yadda suke riƙon takarda a can. Tafireta kuwa, ta yarda ta ba su aro, ba kyauta ba, sai da ya rubuta ranar da zai dawo da ita ya sa hannu, Inna ta zama shaida. Kafin ya ɗauka ta buɗe murfin, ta zare zaren tawadar, ta aika a nemo mata gwangwani da ashana. Malamin ya yi murmushi ya ce ai jarrabawar da ke jikinsa, waɗanda suka rubuta ta sun yi ritaya. Gwaggo ta cusa zaren a gwangwani ta ƙyasta masa ashana. Ta tsaya a tsakar gida har ya cinye, ta dagargaza tokar da tsinke, sannan ta ce ya ɗauka da hannu biyu.