Gwiwar Kailani Gola

Idan ka bi layin masu walda a Tudun Wadan Zariya da hantsi, za ka ga wani dogon mutum a ƙofar shagon ƙanƙara da ruwan leda, yatsunsa uku a karkace kamar saiwar rogo. Shi ne Kailani Jumare, wanda har gobe ake ce wa Kailani Gola. Shekara goma sha huɗu ya yi yana tsaron raga, ƙungiya tara ya yi wa wasa, babu wadda ya cika shekara uku a cikinta.

Yana da shekara sha tara wata ƙungiya ta rukuni na biyu ta ɗauke shi zuwa Kaduna. A wasansa na farko ya faɗa ya rungume ƙwallo, ɗan gaban abokan karawa ya taka masa hannu da ƙusoshin takalmi, ya murza, yana kallon sama kamar bai san abin da ya taka ba. Alƙalin wasa bai busa ba. Da aka tafi hutun rabin lokaci, Yusha'u, wanda ya girmi kowa a 'yan baya, ya kama yatsan da ya goce ya fizge shi ya koma gurbinsa, Kailani yana ihu.

"Ƙanena, saurara," in ji Yusha'u. "A nan ba mai kare ka, shi kansa alƙali ta kansa yake yi. In ka tashi sama kamun ƙwallo, gwiwa a gaba. Wanda ya shigo, shi ya so."

Kailani ya riƙe wannan karatu. Daga Kaduna ya koma Gusau, daga nan Lafiya, sai Makurɗi, har Maraɗi ya taɓa tsallakawa ya yi kakar wasa guda. Ko'ina ya je labarin gwiwarsa ya riga shi isa. Shi ma bai tsira ba. An fasa masa kai da dutse daga bayan raga, ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa wasan. An zubar masa da haƙora biyu a wani bugun kwana. Matarsa Rakiya takan ce ba ta buɗe jakarsa in ya dawo sai ta yi bisimilla, don ba ta san rigar jini nawa za ta tarar ba.

Abin da ya kawo ƙarshensa ya faru ne yana da shekara talatin da biyu. Sun je wasan baƙunta a wani gari da ba ya son a ambaci sunansa. Ƙungiyar gida na neman ci ɗaya don kada ta faɗa rukunin ƙasa, ɗan gabanta kuwa Mahmudu ne, ɗan unguwar Kwangila, wanda suka taso suna buga ƙwallo fili ɗaya a Zariya. Kafin a take wasa har rungumar juna suka yi.

"Yaya Kailani, yau dai a sassauta," Mahmudu ya ce yana dariya.

"In ba ka shigo gidana ba, lafiya lau."

Saura minti biyu a tashi, babu ci. Aka ɗago ƙwallo daga gefe. Mahmudu ya taso da kai, Kailani ya taso da gwiwa. Kailani da bakinsa ya ce min ya ga fuskar Mahmudu sarai, yana da damar janye ƙafar, bai janye ba. Ƙarar da muƙamuƙin ya yi, har masu zaman benci a gefen fili sun ji. Mahmudu ya faɗi bai motsa ba, jini na fita ta baki da kunne.

Kafin alƙali ya sa usur a baki, 'yan kallo sun karya shinge. Alƙalin ya haure katanga, abokan wasan Kailani suka arce ɗakin canza kaya, shi kuwa raga ce a bayansa, ba hanya. Ya kayar da biyu na farko. Na uku ya zo da ƙafar benci. Suka naɗe shi a cikin ragar suka yi ta tattaka shi, wani ya sauke masa bulo a fuska. Hayaƙin barkonon tsohuwa da 'yan sanda suka harba ne ya watsa su.

Ɗaki ɗaya aka kwantar da su a asibiti, gado da gado. An ɗaure haƙoran Mahmudu da waya, da tsinken roba yake shan koko. Kailani haƙarƙari huɗu a karye, idon hagu ya tafi. Ranar da ya iya juya wuya, ya ce, "Mahmudu, ka yafe min." Mahmudu ya nemi takarda da biro wajen nas, ya rubuta, ya miƙo: Ka gan ni. Sannan ya juya wa bango fuska. Mahmudu bai sake taka fili ba, don tun daga nan jiri ke ɗaukarsa ko da gudu kaɗan ya yi.

Kailani ya ɓoye zancen idon, ya samu wata ƙaramar ƙungiya ya ƙara kaka guda. 'Yan gaba ba su daɗe ba suka gano, duk ƙwallo sai ta hagunsa. Wata Asabar aka zura masa biyar. Ya cire safar hannu ya ajiye a gindin turke, ya nemi motar Zariya.

Sau uku yana zuwa Kwangila gaisuwa, sau uku ana cewa Mahmudu ba ya nan, alhali ga takalminsa a zaure. Bara mahaifin Mahmudu ya rasu. Kailani ya je jana'iza bayan azahar, ya tsaya can baya shi kaɗai saboda sahu ya riga ya cika. Mahmudu ya waiwayo, ya dube shi jim kaɗan, sai ya matsa ya bar gurbin mutum ɗaya a gefensa. Kailani ya shiga, liman ya yi kabbara.

Har yau ba su yi magana ba. Amma ran sadakar bakwai, wata mata ta kawo wa Rakiya kwanon waina, ta ce daga gidan Mahmudu.