Gangar Baba a Cikin Randa

Shekarun baya can, lokacin da naira take sabuwa a hannun mutane, ina gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a Gumel. Mahaifina makaɗin gangar noma ne a Gagarawa. Da ya rasu, abin da ya rage mana na kiɗansa kaset ɗaya ne tak, wanda wani malamin makaranta ya taɓa ɗauka a wajen gayya.

Na sayi rikoda a kasuwar Maigatari na kai wa mahaifiyata ta ji. Rikodar akwai fitar da murya tas, har tarin manoma kana ji. Amma gangar, sai ka ce ana buga gwangwani. Inna ta ɗan saurara, ta ce in kashe, wannan ba gangar babanmu ba ce, tasa a ƙirji ake fara jin ta kafin kunne.

Maganar ta tsaya mini a rai. Na ciro babbar lasifika daga wata matacciyar rediyo na jona wa rikodar. Na gwada ta a kwali, na gwada a garwar kananzir, har maƙwabta suka fara tambayar ko lafiyata ƙalau. Daga ƙarshe randa ce ta yi. Na kifa lasifikar a bakinta, na liƙe da tsumma da ƙaro, na huda ƙaramin rami a gefe. Rikoda ta riƙe muryoyi, randa ta ɗauki ganga. Da na kunna, sai da ruwan da ke kwano ya yi rawa. Baba ne sak. Na zauna na yi kuka, gardi da ni.

Na tafi tasha neman motar Gagarawa, na bar wa abokina, telan da ke gefena, tsaron rumfa. Na ja masa kunne kada ya taɓa komai. Ina dawowa na tarar ya tara jama'a zai nuna musu randa mai kiɗa. Ya danna jan maɓalli, wato na ɗaukar murya, tare da na kusa da shi. Da ya ji shiru, sai ya bar kaset yana ta juyawa, shi kuma yana ta zuba. Surutunsa ya hau kan kiɗan Baba ya goge shi kaf.

Na shaƙe wuyan rigarsa, sai da aka ɓamɓare ni. Abin da ya fi ƙona mini rai, cewa ya yi, "Haba, kiɗa ne fa kawai. Sai a nemo wani makaɗin."

Na je na gaya wa Inna komai. Ta ce tunda na sha wahalar ɗauko randa, in kunna. Sai ga muryar telan nan ta fito da kauri, har ƙasa na amsawa: "Ku yi shiru, yanzu za ta fara." Inna ta gyara zama. Ta san babu, amma ta saurari surutunsa har kaset ya ƙare.

An sha ce mini in yafe, kuskure ne. Na yafe maɓallin, maganarsa ce ta ƙi wucewa. Har gobe in mota ta gifta da kiɗa mai girgiza ƙirji, raina ɓaci yake yi, domin ni kaɗai na ji gangar a randar nan, kuma ba don ni na haɗa ta ba.