Goma a Raba Uku

Ƙamshin sabon littafin rubutu har yau faɗuwar gaba yake sa ni, kuma bari ka ji dalili.

Ina aji biyar a ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, da damina. Kakana malami ne, shi ake kira rabon gado a duk yankin. Da ƙyar ya yarda aka sa ni boko, da sharaɗin ranar da ya ga abin da bai gane ba, na zauna gida ke nan.

Wata Alhamis malamin lissafi ya ba mu aikin gida, goma a raba uku. Ya ce kada wanda ya tsaya sai ragowa ta ƙare, ya kuma nuna mana bulala. Bayan la'asar na zauna gindin rumbu da sabon littafina. Uku cikin goma sau uku, saura ɗaya. Na sa ɗigo, na ƙara sifili, goma ta dawo. Na sake, ta sake dawowa. Hadari na haɗuwa, ni kuwa sai uku, uku, uku. Na ci shafi huɗu, hawaye na ɗiga kan tawada. Tsoro ya kama ni sosai, don ban taɓa jin abin da ba ya ƙarewa ba sai Lahira.

Inna ta leƙo. Ba ta karatu, amma ta san alama ɗaya a jere a takarda, ai irin ta masu laya ce. Ta yi salati, ta ce iskoki sun kama hannun ɗiyarta. Kafin in buɗe baki ta ɗauki littafin sai zaure.

Na durƙusa gaban Kaka, na riga na yi ban kwana da makaranta a zuciyata. Ya daɗe yana juya shafukan.

"Mi anka ce ki raba?"

Na faɗa masa. Ya sa na tsinto karare goma, ya yi kashi uku, ɗaya ya rage. Ya karya shi gida uku, ya ɗora wa kowane kashi guntu.

"Sulusi na. Da goma-goma kika bin shi, ko shekara kinka yi ba ki kama shi. Lahiya lau take, ku bar ta."

Ran Litinin na kai amsata: uku da sulusi. Malamin ya ce ɗigo ya tambaya, ya zuba mini bulala shida. Ban taɓa shan duka da daɗin rai irin na ranar ba.

Yanzu ni ke koyar da lissafi a Gummi. Yara suna danna waya, ta jero musu lambar uku sau bakwai ko takwas ta tsaya, su kwafe su rufe littafi. Babu mai jin tsoro, kuma har yau babu wadda ta tambaye ni ina sauran.