Daƙiƙa arba'in na Kawu Idi

Shekara uku ke nan cif da aka kai Kawu Idi makwancinsa, kuma a bana ne ya yi sunan da bai taɓa yi ba yana raye. Yanzu yana cikin wayar kowa a Malanville. 'Yan kabu-kabu na kallonsa suna jiran fasinja, masu ɗinkin buhun albasa na kallonsa, ina jin ko kifayen kogi a Garou an tura musu. Shi ya sa na ɗauki biro, ni Rakiya ɗiyar ƙanwarsa, wadda ya fi yawan kora daga aji saboda surutu.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu malamin Faransanci ne a kwalejinmu, Mushe Idi ake ce masa, wato Monsieur a bakin mutanenmu. Sauran malamai rubutu suke ba mu mu haddace. Shi kuwa jawabi yake kawo mana, na rediyo ko bidiyo a waya, daga na 'yan siyasa har na masu tallar maganin basir. Yana kunnawa sai ya tsayar a tsakiya, ya tambaye mu wa mutumin nan yake so ya saurare shi, kuma me yake so mu tashi mu yi in ya gama. Wata rana ya kashe sautin, mu yi ta kallon hannu da ido kawai. Yakan ce mai jawabi da mai buhun albasa halinsu ɗaya, manyan suke jerawa a baki, sai ka zura hannu ƙasa. Ya lalata mu sarai. Innata ba ta ƙara yi mini faɗa cikin kwanciyar hankali ba, domin tana farawa nake ce mata wannan tsoratarwa ce, ina hujja? Na sha dundu a kan ilimin nan.

A shekararsa ta ƙarshe ya shigo aji da babbar riga ta aro da baƙin tabarau, ya hau tebur. Ya ce yau zai zama mugun ɗan takara, mu kuma duk inda muka kama shi yana hura wuta, mu buga benci. Sai ya shiga zagin Fulani makiyaya, wai su ke cinye shinkafar talaka, a kore su daga fadama. Na buga benci har hannuna ya kumbura ya kai kabewa. Da ya sauko ya cire tabarau, muka cinye sauran lokacin muna warware jawabin: inda ya raba jama'a "mu" da "su", da inda ya ɗauki ɓarnar saniya ɗaya ya ɗora wa Fulanin duniya.

Ni na ɗauki bidiyon, gara in faɗa da bakina. Wayar yayana na ɓoye a ƙarƙashin littafi, na tura wa ƙawaye biyu don mu yi dariyar tabaran. Wayar ta daɗe da mutuwa, cikakken bidiyon ya tafi da ita, ƙawayen ma babu mai shi.

Watan jiya wani da ban sani ba ya fito da shi. Ya yanke farkon da Kawu ya ce wasa zai yi, ya yanke ƙarshen, ya bar daƙiƙa arba'in na zagi. Ya sa kiɗan tausayi, ya rubuta a sama wai gaskiyar da Mushe Idi ya faɗa kafin ya rasu. Bugun bencinmu, da muke kama ƙarya da shi, ya koma kamar tafi.

Wanda ya yanke, shi da Allah. Waɗanda suka fi ƙona mini rai su ne masu turawa. A cikinsu akwai 'yan ajinmu biyu da suka buga bencin nan da hannunsu, yanzu sun ce ai ko wasa ne akwai gaskiya a ciki. Akwai wani malami da suka yi shekaru suna shan shayi tare, ya ce wa Innata da ma ya lura marigayi yana da zafi. Zafi! Mutumin da in zai kore ni daga aji sai ya ce don Allah. Babu wanda ya tambayi me ya kai mai yaƙin neman zaɓe kan teburin aji, da allo a bayansa. Da Kawu zai dawo yau, ba sunansa zai fara nema ba. Zai karɓi wayar ya kashe kiɗan, ya ce a sake kallo, sannan ya raba wa garin nan sifiri tun daga bakin gada har kasuwa.

Kawu yana da aboki tun suna yara, Baffa Sambo, Bafulatani makiyayi ne a wajen Guéné. Kowace shekara ranar da muke yi wa Kawu addu'a shi ke riga kowa zuwa. Bana aka yi aka watse bai zo ba. Matar Kawu ta yini tana leƙen ƙofa.

Ranar Lahadi na hau kabu-kabu na tafi Guéné. Na rubuta jawabi shafi uku, da gabatarwa da hujjoji da kammalawa, irin wanda zai sa dutse kuka. Na same shi a gindin bishiya yana gyaran igiya. Ban gama layi na biyu ba ya ɗaga hannu.

"Ɗiyata, aje takardar nan. Idi wasa yake, na sani. Ko akuya bai iya yi wa tsawa ba."

"To, Baffa, mi ya hana ka zuwa?"

Ya ja igiyar ya gwada ƙullin, sannan ya dube ni.

"Shi wasa yake. Masu tura wa juna fa, su ma wasa suke? Ta gabansu zan bi in zo gidanku."

Ni da aka sani da amsa tun ba a gama tambaya ba, na ninke shafi ukun na cusa a jaka. Mutumin nan bai taɓa zama a bencin makaranta ba, amma ya wuce mai magana ya dubi masu sauraro. Kawu da ya ba shi ashirin bisa ashirin.

Na ɗauka abin da Kawu ya bari yana cikin littattafanmu ne. Ashe wasu a cikinmu sun ɗauki darasin sun ci jarrabawa da shi, sun ajiye. Abin da ya rage shi ne mu da muka zauna a ajin ranar, kuma muna nan da rai, ana iya tambayarmu. Na fara bin 'yan ajinmu gida-gida, duk wanda ya yarda yana faɗin abin da ya gani da bakinsa, ina ɗauka. Wannan karon ba a ɓoye nake ɗauka ba. In guntun nan na daƙiƙa arba'in yana cikin wayarka, ka san akwai dattijon da yake lissafa ka cikin waɗanda ba zai bi ta gabansu ba.

Baffa ya yi wa Kawu addu'a a nan gindin bishiyar, muka shafa. Na tambaye shi ko baɗi zai zo. Ya ce in gaida gida.