Ranar da Baba Ya Kashe Inji a Tsakiyar Ruwa

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga ka, har sunayen tsofaffin maƙwabta sai na yi ta lalube, amma ranar da Baba ya kai mu gwajin jirgin ruwa kam, in na manta ta, to na manta sunana.

Lokacin ba a daɗe da gama babban taron ƙasa da ya kawo ƙarshen mulkin gurguzu ba. An daina kiran kowa "kamarad", masu abin hannun da suka yi shekaru suna noƙewa sun fara ɗaga kai, kuma Babanmu yana cikinsu. Haifaffen Zangon Kwatano ne, mai kamiyo, manyan motocin nan da ke kai kaya arewa su dawo da shanu da albasa. Ya san mota fiye da yadda ya san 'ya'yansa, ba sharri nake masa ba. Rana ɗaya ya shigo gida da zancen wai zai saya mana jirgin ruwa mai inji, irin wanda Turawa ke yawo da iyalinsu ranar Lahadi. Inna ta dube shi ta ce, "Alhaji, mu da ko bakin rijiya ba ma son tsayawa?" Ya ce ai zamani ya canza, kowa ya sha iska.

Jirage biyu ne wani tsohon ma'aikacin gwamnati, mutumin unguwar Avotrou, ya sa a kasuwa. Ya ɗaure su a gaɓar kogin nan da ya raba Kwatano biyu, wanda ke kwaso ruwan tafki ya kai teku. Farare ne duka, girmansu ɗaya, injinsu iri ɗaya. Ɗaya yana da shuɗin layi da rumfar tamfol, ɗayan jan layi ne, babu rumfa, kuma ya ɗan fi tsukewa. Baba ya yi ta zirga-zirga yana duba su, ya ƙwanƙwasa wannan, ya kasa kunne ga wancan, ya kasa yanke shawara. Hankalinsa dai ya fi kwanciya da mai rumfar.

To, Baba yana da ƙa'ida biyu a sayen mota, duk tashar an san shi da su. Ba ya gwada mota babu lodi. Kuma sai inji ya yi zafi sosai yake kashe shi a kan hanya, ya ga ko zai sake tashi. Ta farkon mun sani, domin mu ne lodin. Ta biyun kuwa babu wanda ya kawo ta a ransa.

Ranar Lahadi aka kwashe mu, ni da Inna da ƙannena mata biyu da mijina. Ina goye da ɗana na fari, ko zama bai fara ba. Inna ta dafa shinkafa da kaji ta cika wani babban bahon roba, wai ko ba a sayi jirgi ba a ci abinci. Da muka shiga mai rumfar sai wuri ya yi kaɗan. Baba ya nuna filafilai biyu da wani ƙarfe mai ƙugiya da ake jefawa ruwa ya riƙe jirgi, ya ce a fitar da tarkacen nan a sa baho. Mai jirgin bai so ba, amma mai son sayarwa ba ya musu da mai saye. Ya ce ba komai, yanzu za mu dawo. Mijina ma aka bar shi a gaɓa tare da ƙanen mai jirgin, da ɗayan jirgin da aka zuƙe wa mai aka ƙara wa namu.

Ƙarshen damina ne, ruwan arewa ya sauko, kogin ya cika ya yi ja, kainuwa na wucewa tuli-tuli ta nufi teku. Muka yi sama wajen tafki. Gaskiya da daɗi, har ƙannena sun fara waƙa. Baba yana zaune kusa da mai jirgin, ya karkata kai yana sauraron inji. Na ga ya ɗora tafin hannu a murfin, ya gyaɗa kai. Kafin kowa ya ankara ya miƙa hannu ya kashe.

Shirun da ya biyo baya har yau ina jin sa.

"Alaji, me ka yi?" in ji mai jirgin.

"Gwaji ne, patron. Tayar mu ji."

Mai jirgin ya ja igiyar, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja. Ya yi ta ja har rigarsa ta jiƙe, warin esansi, wato fetur, ya cika mana hanci. Baba ko a jikinsa, har da ɗan murmushin wanda ya kama ɓarawo. Ya ce, "Ka gani ko? Ba ya tashi da zafi. Ja mu gefe ya huce."

"Da me zan ja ku gefe, Alaji? Filafilan suna can inda ka ce a ajiye su."

Sai a lokacin Baba ya ɗaga kai ya dubi gaɓa, ya ga gidaje suna tafiya. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan kwalta, inda in mota ta mutu sai ta tsaya a sa mata dutse a taya, bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai abin hawan da zai mutu kuma ya ci gaba da tafiya ba. Jirgin ya juya a kaikaice, ruwa na jan mu ƙasa. Muka zo daidai inda muka taso, muka wuce. Mai jirgin ya yi wa ƙanensa ihu da yarensu. Na hango mijina ya yi tsaye kamar an dasa shi, sai kuma ya kwasa da gudu ya haye bayan zem, babur ɗin haya, ya ɓace. Wallahi a raina na ce shi ke nan, ya gudu ya bar mu. Ashe man kwalba ya tafi nemo wa ɗayan jirgin a bakin titi.

Muka wuce ta ƙarƙashin gada, gefen jirgin ya gogi ginshiƙi har ƙanwata ta faɗo kaina. Wani mai kwalekwale ya yi ƙoƙarin tare mu, ruwan ya fi ƙarfinsa. Daga nan na fara jin wani rugugi a gabanmu. Na tambayi mai jirgin ko mene ne, shi kuwa yana ta jan igiyar injin. Na gane da kaina. Bakin teku ne, inda aka jibge manyan duwatsu, ruwan kogi da igiyar teku suna karo. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na ƙara tamke zanen goyona.

Inna ce ta miƙe a kan gwiwoyinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ko dubi Baba ba. Ta jawo bahon ta kife shi a ruwa, shinkafa da kaji duk suka tafi. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa a ciki, ta ce mini, "Kwanto shi."

Na ce, "Inna, ba zan sauke ɗana ba."

"Ke dutse ce a ruwa, ni ma dutse ce. In yana bayanki, tare za ku nutse. Kwanto shi na ce."

Na kwance goyon. Ta kwantar da shi a bahon, yana ta wutsil-wutsil da ƙafa yana dariya. Ta juya ga mai jirgin, wanda shi kaɗai ya iya ruwa a cikinmu, ta ce, "Bawan Allah, in mun kife kada ka kama kowa. Wannan za ka bi." Na dubi Baba. Hularsa ta faɗi cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgin, bai ɗauka ba.

Muna ganin farin kumfa a kan duwatsu lokacin da muka ji ƙarar inji a bayanmu. Mai jan layin ne, ƙanen mai jirgin na tuƙi, mijina a gaba riƙe da igiya. A jifan farko igiyar ta faɗa ruwa. Na biyu Baba ya cafe, ya zarga ta a ƙarfen hancin jirgin, ya yi mata ɗaurin nan nasa na lodin albasa da ba ya kwancewa daga nan har arewa. Igiyar ta miƙe tana ƙara. Na ɗan lokaci ba mu yi gaba ba, ba mu yi baya ba. Sai a hankali rugugin ya fara yin nisa.

Da muka taka ƙasa Baba ya zauna a kan wani kututture. Can ya ɗago ya ce, "Hajiya, wanne za a ɗauka?" Tunda nake ban taɓa jin ya nemi shawararta a kan abu mai inji ba.

Ta ce, "Wanda ya zo."

Shi aka saya. Mun yi shekaru muna fita da shi, filafilai da ƙarfen nan suna wurinsu, kuma Baba bai ƙara kai hannu kusa da injin ba. Inna ma takan bi mu, amma kullum da bahon nan a cinyarta, babu komai a ciki. Ba ta yarda an sake zuba masa abinci ba har ta rasu. Yana ɗakina yanzu, ya tsage a gefe, kuma wanda aka kwantar a cikinsa yau shi ne mai 'ya'ya.

Abin da na koya shi ne, duk ƙwarewar mutum tana da inda ta tsaya, kuma ta Baba a bakin ruwa ta tsaya, shi ne bai tsaya tare da ita ba. Tun daga ranar, in na je inda ban sani ba, nakan tambaya kafin in taɓa komai, balle in akwai goyo a bayan wani.