Ruwan Duron Baba

Baba mai walda ne a Sabon Gari. Wasiyya ɗaya ya bari: idan ya rasu, a yi masa wanka da ruwan duronsa.

Duron yana tsakar gidanmu a Fagge. Baba ya haɗa bututun ƙarfe da salansar janareto, ya ratsa shi ta cikin duron don hayaƙi ya ɗumama ruwa. Da farko ruwan ko gezau. Baba ya ce hayaƙi mai tafiya sumul marowaci ne. Hayaƙin da ya taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya huce ya lafe a jikinsa, na tsakiya ya wuce da zafinsa. Dole a rikita shi. Ya tsaga bututun ya liƙa cokulan Inna a ciki, wannan na kallon gabas, wancan yamma.

"Malam, hayaƙin miya zai sha?" in ji Inna.

"Ke dai taɓa ruwan."

Ta taɓa, ta janye hannu da sauri.

Da hantsi Baba ya rasu, kuma ranar akwai wuta a unguwa. Na cika duron har baki, na tayar da janareto. Maƙwabcinmu ya ji ƙara, ya ɗauka an ɗauke wuta, ya tayar da nasa. Na gaba da shi ma haka. Kafin liman ya iso, layin gaba ɗaya ya ɗauka. Masu ta'aziyya sai a kunne suke yi mana.

Kawu, ƙanin Baba, ya ja ni gefe.

"Ga wuta, ga hita. Kashe abin nan."

"Wasiyya ce, Kawu."

Liman ya ce kafin azahar za a kai shi. Na sa hannu, ruwan na nan da sanyinsa. Laifina ne, Baba rabi yake zubawa in yana sauri. Na kwashe bokiti huɗu. Kawu, wanda ya shekara uku yana yi wa duron dariya, ya karɓo muciya wajen mata, ya naɗe hannun riga, ya shiga juya ruwan kamar mai tuƙa tuwo. Bai dube ni ba.

Can liman ya tsoma hannu, ya ce:

"Ya isa. Ɗumi kawai ake so."

Muka ɗiba. Na kashe janareto, maƙwabta suka bi ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin na ji Inna tana kuka a ɗaki.